George Da Costa da Hotunan Aikin Layin Dogo

George S. A. Da Costa, wanda ya rayu daga 1853 zuwa 1929, yana sahun farko na 'yan ƙasa da suka riƙi ɗaukar hoto sana'a a Nijeriya. An fi tunawa da shi saboda aikin da ya yi wa gwamnatin mulkin mallaka, na ɗaukar hotunan shimfiɗa layin dogo daga Ikko zuwa Jebba, har ya zuwa Kaduna. Ya buɗe shagonsa na hoto shekara guda kafin a fara saran ƙasa domin dogo a Ikko, don haka shekarun ƙarfinsa a sana'a su ne shekarun da ƙarfe ya ratsa kurmi, ya haye Kwara, ya shigo ƙasar Hausa.

An haife shi a Ikko a 1853, shekarar da Sarki Akitoye ya rasu ɗansa Dosunmu ya gaje shi. Shekara biyu kafin nan jiragen yaƙin Ingila sun yi wa garin ruwan wuta, kuma yana ɗan shekara takwas, a 1861, Ingila ta haɗiye Ikko ta mai da ita mallakarta. Sunan Da Costa na mutanen Fotugal ne, ya zo masa ta hanyar danginsa, waɗanda ke cikin mutanen da ake kira Aguda ko Amaro, wato bayin da aka kai Barazil, suka sami 'yanci, suka komo gida su ko 'ya'yansu. Wannan tarihi ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun jefa mutane da yawa hannun dillalan bayi, aka gangara da su bakin teku, aka tsallake da su zuwa lardin Bahiya na Barazil. Hausawan da ke can sun shirya bore a 1807 da 1809 da 1814, sannan a 1835 Musulmin birnin Salbado, galibinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka yi babban tawayen da ya sa hukuma ta koro da yawa daga cikin 'yantattu zuwa Afirka. Waɗanda suka sauka a Ikko sun zo da sana'a a hannu: gini, kafinta, ɗinki, zane. Unguwarsu ita ce Popo Aguda, kuma wani magini daga cikinsu, shi ma Da Costa ne sunansa, shi ya jagoranci ginin masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894. A cikin irin wannan jama'a, mai ganin girman aikin hannu da ilimin boko gaba ɗaya, George ya tashi.

Bai fara da kyamara ba. Daga 1877 zuwa 1894 shi ne manajan kantin littattafai na mishan ɗin CMS a Ikko. Shekara goma sha bakwai a bayan kanta makaranta ce mai zaman kanta ga wanda zai shiga harkar hoto: a nan mutum ke koyon riƙon lissafi, da odar kaya daga Ingila, da jiran jirgin ruwa, da sanin duk wani mai karatu da mai kuɗi a gari. Sana'ar hoto a wancan zamani ta dogara kacokan a kan kayan da ake shigowa da su, tun daga gilashi da takarda har magungunan wanki. A 1895, yana da shekara 42, ya kashe fam 30 ya koyi sana'ar a hannun masana, ya buɗe shagonsa. Fam talatin a lokacin dukiya ce, kuma mutumin da ya bar tabbataccen albashi a wannan shekaru ya zuba ta a sabon abu, ya riga ya hango inda kasuwa ta dosa.

Ya tarar da wasu a fagen. Iyalan Lutterodt na Ankara ta ƙasar Gwalkwas sun daɗe suna yawon ɗaukar hoto a garuruwan bakin teku. Neils Walwin Holm, shi ma daga ƙasar Gwalkwas, ya kafu a Ikko tun kafin shi. A Bonny akwai Jonathan Adagogo Green, wanda ya ɗauki shahararren hoton Sarkin Benin Ovonramwen a cikin jirgin ruwa bayan Turawa sun ci birninsa a 1897. Wani ɗan Ikko kuma, Herzekiah Andrew Shanu, ya yi sana'ar a Boma ta ƙasar Kwango. Abin lura a nan shi ne, hoto bai jira Bature ya koya wa baƙar fata a ƙarni na ashirin ba. An bayyana fasahar ga duniya a Faransa a 1839, kuma kafin ƙarnin ya ƙare tana hannun 'yan Afirka ta Yamma a matsayin hanyar cin abinci.

Sai an san kayan aikin zamanin kafin a gane nauyin abin da Da Costa ya ɗauka. Kyamarar ƙwararru akwati ce ta katako, tsakiyarta fata ce mai naɗewa kamar zugazugin maƙeri, tana tsaye a kan ƙafa uku. Mai hoto zai lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, ya dubi gilashin da ke bayan akwatin, inda abin da ke gabansa zai bayyana a juye, kai a ƙasa ƙafa a sama. Zai riƙa matso da idon kyamara yana ja da shi baya har hoton ya fito ras. Daga nan ya zura farantin gilashi da aka shafe da magani mai jin haske, ya zare marfinsa, ya buɗe ido na ɗan lokaci, ya rufe. Faranti ɗaya hoto ɗaya ne. In an kuskure, an yi asarar gilashin da ya taso tun daga Ingila. Sa'ar mutanen zamaninsa ita ce, busasshen faranti ya riga ya shigo kasuwa, ba kamar na da ba, wanda sai an jiƙa shi a wurin, a ɗauka, a wanke kafin ya bushe. Duk da haka wanki na nan da wahalarsa. Ana yin sa a ɗaki mai duhu da 'yar jar fitila, yana son ruwa mai tsabta mai sanyi, abin da ba ya samuwa da sauƙi a sansanin leburori. Zafi kan narkar da shafen da ke kan gilashin ya saɓule. Raɓar kurmi kan sa funfuna ta kama idon kyamara. A arewa kuwa ƙurar hunturu ce abokiyar gaba: ƙwaya ɗaya in ta sauka a kan faranti, sai ta bar tabo a sararin samaniyar hoton. Bayan an wanke, sai a ɗora gilashin a kan takarda, a danne su a firam, a ajiye a rana har hoto ya hau. Dukan waɗannan kaya, akwatunan gilashi masu nauyi da saurin fashewa, da kwalaben magani, a kan 'yan dako suke tafiya, ko a kan amalanken da ake turawa bisa dogo zuwa inda ƙarfe ya ƙare.

An fara aikin dogo a Iddo, gefen tsibirin Ikko, a watan Maris na 1896, zamanin Gwamna Gilbert Carter, lokacin da Joseph Chamberlain ke riƙe da ofishin ƙasashen mallaka a Landan. Faɗin layin ƙafa uku ne da inci shida. Aikin ya yi nawa ƙwarai. Kurmi ne da fadama da rafuka, ga zazzaɓi yana kayar da ma'aikata, sai a watan Maris na 1901 aka buɗe layin zuwa Ibadan, tafiyar mil 120 da 'yan kai. Daga nan ya isa Oshogbo a 1907, Ilori a 1908, Jebba a 1909. Da Costa yana da shekara 56 sa'ad da ƙarfe ya taɓa bakin Kwara.

Gwamnati ba don ado take biyan mai hoto ba. Kuɗin aikin bashi ne, injiniyoyin da ke ba da shawara, irin su kamfanin Shelford, suna zaune a Landan, kuma masu sa hannu a kan kuɗin yawancinsu ba su taɓa taka Afirka ba. Hoto shi ne shaidar da ke raka rahoto: ga gadar da aka ce an kafa, ga tudun da aka ce an fasa, ga tashar da aka ce an rufa wa kwano. Haka aka yi a wurare da dama. A Amurka Andrew J. Russell ya ɗauki hoton haɗuwar layin gabas da na yamma a ranar 10 ga Mayu 1869. A Barazil, ƙasar da dangin Da Costa suka baro, Marc Ferrez ya yi shekaru yana ɗaukar hanyoyin jirgi. A gabashin Afirka William Young ya bi layin da ya tashi daga Mombasa a shekarar da aka fara na Ikko. Abin lura a Nijeriya shi ne, baƙar fata ɗan ƙasa aka damƙa wa wannan aiki, a lokacin da ƙofofin manyan muƙamai ke ta rufewa a fuskar 'yan bokon Ikko.

Irin wannan hoto yana da ƙa'idarsa. Ana son layi ya miƙe tun daga ƙasan hoto ya tafi yana tsukewa har ya ɓace a nesa. Ana son ƙafafun gada su fito sarai yadda injiniya zai iya ƙirga su. Akan dawo wuri ɗaya a sake ɗauka bayan wata ko watanni domin a ga yadda aiki ya ci gaba. Akan kuma tsayar da mutum a gindin gini ko a bakin rami domin mai kallo ya auna tsawo da zurfi da jikinsa. Ta wannan ƙofa ce lebura ya fi shiga hotunan aikin dogo a ko'ina: a matsayin ma'auni. Rubutun da ke ƙarƙashin hoto kan faɗi sunan kogi, da lambar mil, da sunan Baturen da ke tsaye da farar hula. Mutum ɗari da ke bayansa, ɗauke da kwanon sarki a ka, ba a kiran sunan ko ɗaya.

Yayin da layin Ikko ke hawowa, arewa ta shiga wani hali. A ranar 1 ga Janairu 1900 Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a watan Yuli. A Fabrairun 1906 mutanen Satiru, kudu da birnin Sakkwato, ba nisa da Boɗinga, suka fatattaki rundunar Turawa suka kashe jami'ansu. Sai da aka kwashe makonni kafin dakarun ɗauki su iso a ƙasa, a watan Maris suka shafe garin da kisan da har yau ba a manta ba. Nisa ya zama abin tsoro ga sababbin masu mulki, ga kuma ɗawainiyar ɗaukar kayan gwamnati a kan mutane da jakai. Masu masaƙun Lankasha su ma suna matsa lamba, domin sun ƙwallafa rai a kan audugar ƙasar Hausa, har sun kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a 1902.

An yi ta ja-in-ja a kan ta inda dogo zai shigo. Lugga yana son layin arewa ya tsaya da ƙafarsa, ya tashi daga wata tashar ruwa a bakin Kwara, irin Baro, kaya su bi kogi zuwa teku. Gwamnonin Ikko kuwa, William MacGregor da Walter Egerton bayansa, suna son komai ya biyo ta tasharsu. A 1907 Landan ta amince da duka biyun. Aka naɗa Percy Girouard, injiniyan soja ɗan Kanada wanda ya shimfiɗa dogo a hamadar Sudan a 1897, ya gaji Lugga, aka ba John Eaglesome, shugaban ma'aikatar ayyuka, ragamar layin Baro zuwa Kano, mai tsawon mil 356. Ana hawo da ƙarafa da kawunan jirgi ta kogi lokacin da ruwa ya cika, a sauke a Baro. Layin ya bi ta Minna, ya haye kogin Kaduna, ya ratsa Zariya, ya isa Kano a watan Maris na 1911. A ƙarshen aikin an taɓa shimfiɗa mil shida da rabi a yini guda. Aka buɗe shi ga jama'a a Afrilun 1912. Layin Ikko kuwa ya wuce Jebba ya bi ta Zungeru ya haɗu da shi a Minna, kuma a 1912 aka haɗe hukumomin biyu suka zama reluwe ɗaya, shekara biyu kafin a haɗe ƙasar kanta.

Jebba ce wuri mafi wuya, kuma wurin da mai hoto zai fi samun abin ɗauka. A nan Kwara ta rabu biyu ta kewaye tsibiri, ga wani dutse a tsaye a tsakiyar ruwa. Kafin a gama gada, jirgin fito ne ke ɗaukar taragai ya tsallake da su, a sake ɗora su a kan dogo a ɗaya gaɓar. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, sai a tsakiyar yaƙin duniya na farko aka kammala gadar, jirgi ya iya tashi daga Ikko ya isa Kano, kimanin mil 700, ba tare da ya sauka daga ƙarfe ba. Kaduna kuma, inda hotunan Da Costa na dogo suka kai, dogon ne ya haife ta. Wurin mahaya ce a bakin kogi, aka kafa sansanin ma'aikata da gada da tasha, sannan a 1917 aka ɗauko hedikwatar arewa daga Zungeru aka kawo ta nan. Mai hoton da ya tsaya a wurin a waɗannan shekaru ya ga babban birni tun yana bukkoki.

Saurin da aka yi alfahari da shi, da arahar da aka yaba wa layin Baro a kanta, a wuyan talaka suka hau. Ba ɗan kwangila aka ba aikin ba. Razdan ne ke yanka wa sarki adadin mutane, sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya sauke wa dagatai, dagaci ya bi gida-gida. Nupawa da Gwarawa da mutanen ƙasar Zazzau da na Kano suka yi ta zuwa rukuni-rukuni, kowane ya yi makonninsa a canza shi da wani. Kayan aikinsu diga ne da shebur da kwando. Ana biyansu da tsabar kuɗin Turawa, kuma da wannan kuɗi ake so su biya haraji, ta haka sule da sisi suka fara ture wuri a kasuwannin karkara. A takardun gwamnati an ba tsarin suna mai laushi, amma wanda aka ɗauko daga gonarsa ya san shi da sunan aikin tilas. Ciyar da dubban ma'aikata ya ja hatsi daga ƙauyukan da ke kan hanya. Wasu sun gudu, wasu garuruwa sun ƙi. A 1909 mutanen Gussoro a ƙasar Gwari sun kashe wani jami'in Bature da 'yan sandan da ke tare da shi, aka aiko da sojoji suka murƙushe su. Masanin tarihi Michael Mason ya yi nazari na musamman a kan wannan aikin tilas na 1907 zuwa 1912.

Kyamarar da gwamnati ta yi haya ba za ta juya ta kalli wannan ba, kuma rashin adalci ne a ɗora wa Da Costa laifin abin da ba a aike shi ɗauka ba. Amma daidai ne mai kallon hotunan dogo ya san iyakarsu. Suna nuna abin da aka gina, ba sa nuna gonar da aka bari ba noma. Ƙasar Hausa tana da tata shaidar a kan wannan zamani, ta baka da ta alƙalami. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda ya yi sarauta daga 1903 har Turawa suka tuɓe shi suka kai shi Lakwaja, ya rubuta Waƙar Diga a kan aikin dogo da yadda ya taɓa jama'arsa. Shi yana cikin sarakunan da aka ɗora wa nauyin kawo leburori, don haka ya ga abin daga ciki. Sunan waƙar kansa ya isa ishara: bai kira ta da sunan jirgi ko gada ba, da sunan abin da ke hannun mai haƙa ya kira ta. Wanda ya ajiye hoton mutumin Ikko kusa da waƙar Sarkin Zazzau ya fi kusa da ganin aikin yadda yake.

Duk da haka hoto yakan riƙe abin da mai shi bai yi niyya ba. Gilashi ba ya zaɓe. Duk abin da haske ya faɗa a kai sai ya kama: ɗaurin zanen mai sayar da abinci a gefen sansani, tsagen fuskar lebura, irin bishiyoyin da ke wurin kafin a sare su, yadda ake ɗinka rufin bukka. Farantin gilashi babba ne, yana ɗaukar ƙananan abubuwa da kyau, har akan ƙara girman hoto a ga fuskar da ba ta kai ƙwayar gero ba ta fito da kamanninta. Saboda haka masu tarihi a yau suke komawa ga hotunan ayyukan gwamnati na wancan zamani suna neman mutanen da ke gefe.

Abin da dogo ya haifar a Kano ya ba masu shi mamaki. Auduga suka zo nema, amma masaƙan ƙasar Kano suna sayen audugar gida da farashin da kamfani ba zai iya ba. Manoma da fatake suka juya ga gyaɗa, wadda ake ci in kasuwa ta faɗi, ba ta kuma hana shuka gero a gona ɗaya. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta tashi daga ƙasa da tan 2,000 a 1911 zuwa sama da tan 19,000 a 1913, zamanin Sarki Abbas. Attajiran da suka saba da fataucin goro zuwa Gwanja suka zama dillalan kamfanoni, Alhassan Ɗantata ya zama babbansu. Kamfanin Neja da John Holt da wasunsu suka kafa kantuna a wajen ganuwa kusa da tasha, Sabon Gari ya cika da akawuna da ma'aikatan reluwe daga kudu da Saliyo da Gwalkwas. Ayarin raƙuma zuwa Tarabulus, wanda dama ya fara rauni, ya ƙarasa durƙushewa, fata da ƙiraga suka koma bin jirgi zuwa teku.

Wannan sabuwar duniyar kasuwanci ita ce aikin Da Costa na biyu da ya shahara. Allister Macmillan, wanda ya saba wallafa manyan littattafai a kan ƙasashen da Ingila ke mulka, ya zo Afirka ta Yamma yana tattara bayanan kamfanoni da attajirai, ya ɗauki Da Costa aikin hoto. Littafin, The Red Book of West Africa, ya fito a Landan a 1920, ya ƙunshi Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. Hotuna 52 na Da Costa ne suka shiga ciki, har da waɗanda aka ɗauka a Kano, kuma Macmillan ya sa shi a gaban dukan masu sana'ar hoto na Nijeriya wajen ƙwarewa da suna. Littafin talla ne a asalinsa, amma ya zama taska, domin ya adana fuskokin 'yan kasuwa baƙar fata, da kantunansu, da gidajensu, a daidai lokacin da manyan kamfanonin Turai ke shirin danne su. Da Costa ya kusa shekara 70 a lokacin. Hotunan Kano a littafin da mutumin Ikko ya yi wa aiki su ma 'ya'yan dogo ne: tafiyar da a da fatake ke kwashe watanni suna yi ta koma ta kwana biyu ko uku a tarago.

Ya rasu a 1929, ya haura shekara 75. Sunansa ya yi shiru na tsawon lokaci, domin hotunan zamanin mallaka sun fi yawo a kati da littafi ba tare da sunan mai ɗauka ba, mai gani kuma ya ɗauka aikin Bature ne. Daga shekarun 1990 masu nazarin tarihin hoto a Afirka, cikinsu har da Olu Oguibe, suka sake fito da shi da takwarorinsa, suka nuna cewa sana'ar tana da tushe a hannun 'yan ƙasa tun ƙarni na sha tara.

A shekarar da ya rasu ne reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya isa Ƙauran Namoda. Auduga da gyaɗar Katsina ta kudu da Zamfara ne suka jawo shi, kuma nan ya tsaya. Na Kano zuwa Nguru ya kammala a 1930, gadar Makurɗi a 1932, na Maiduguri a 1964, amma birnin Sakkwato bai ga jirgi ba. A wancan lokaci Gusau da Ƙaura suna cikin Lardin Sakkwato, sai dai daga Gusau zuwa birni akwai kimanin kilomita 200. Jar fatar akuyar Sakkwato, wadda Turai ta daɗe tana saye da sunan fatar Maroko, sai ta yi wannan tafiya a kan jaki ko raƙumi, daga baya a mota, kafin ta hau tarago. Ɗan makarantar da zai tafi Kaduna, da maniyyacin da zai bi ta Kano, da ɗan cirani daga Mandera ko Sifawa ko Shagari a ƙasar Sakkwato, kowa sai ya fara neman hanyar Gusau. Da aka yanke Jihar Zamfara a 1996, tashoshin biyu suka tafi da ita, Jihar Sakkwato ta yau ta zauna ba ta da ko taku ɗaya na dogo.

Mutanen Boɗinga da Shagari ta hanyar mota suka haɗu da layin da Da Costa ya ɗauka. Babban titin da ya fito daga Sakkwato ya ratsa garuruwan biyu, ya wuce Tambuwal da Jega da Yawuri da Kwantagora, a Jebba yake tsallake Kwara. Manyan motocin da ke ɗaukar albasa da shanu daga wannan yanki zuwa kasuwannin Ibadan da Ikko a nan suke hayewa, kusa da gadar jirgin, daga nan kuma su bi ta Ilori, garin da dogo ya isa a 1908.